Minsharin Janareta

Litinin, 3 ga wata

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan aikinki. Yaya aikin gada, yaya rana, yaya sauro? Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwata ta hagu ce dai take nan da halinta. Gwaggonki na gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko kina cin abinci kuwa, don a hoton da kika aiko wuyanki ya ƙara tsawo.

Direban kamfaninku ya ce duk Talata yake shigowa gari ɗaukar kaya, shi ne na ce bari in riƙa ba shi takarda. Minti ukun da kike samu a saman tudun nan ranar Lahadi ba sa isa ta. Biyu na karenki ne, ɗaya na Gwaggo, ni kuwa daga sallama sai layi ya yanke. Ba ƙorafi nake ba. Faɗa dai nake.

To, ga labarin amanarki. Kin san ranar da kika kawo shi na rantse iyakarsa bakin ƙofar gareji. Ba zan ɓoye miki ba, yanzu a ƙarƙashin bencin aikina yake wuni, a kan tsohon kushin ɗin motar da na ce na ajiye wa kaina. Ke kina ce masa Yarima, amma duk layinmu Janareta ake kiransa, kuma ni na raɗa masa. Wallahi idan ya fara minshari bayan azahar, Mai Walda da ke maƙwabtaka da mu sai ya leƙo ya tambaya ko an ɗauke wuta ne na tayar da inji. Masu kawo gyara kan durƙusa su leƙa shi, su ga wannan fuska tasa da ta shige ciki kamar gaban motar da ta daki bango, ga idanu ƙulu-ƙulu, su yi ta dariya har su manta abin da ya kawo su.

Ya kuma tsiro da wata ɗabi'a. Akwai guntun tiyon ruwan lagireton mota da na yanke na yar, bai fi tsawon yatsa biyu ba. Ya ɗauke shi ya mai da shi nasa. Ba ya barci sai da shi a baki, kamar tsoho da lofen taba. Jiya Gwaggo ta share ta zuba shi a kwandon shara, sai da ya kifar da kwandon ya ƙwato kayansa.

Dokokinki uku ina riƙe da su: ban da nama mai kitse, ban da yawo cikin rana, kuma kada kowa ya kusance shi da wuƙa ko da likita ne. Ta biyu da ta uku ban taɓa karya su ba. Ta farko kuwa, ki yi haƙuri, idan ina cin abinci ya zauna ya kafe ni da idanun nan, hannuna da kansa yake sauka ƙasa. Ya yi ƙiba kaɗan. Gwaggo ta ce ba kaɗan ba.

Abu ɗaya ne zan faɗa miki, kada ki ce tsoho ya fara. Shekara arba'in da ɗaya ina sauraron inji, tun mota na kwanar layi nake sanin abin da ke damunta. Duk Lahadin da kika ce in kara masa waya ki ji minsharinsa don yana kwantar miki da hankali, ina karawa, amma kunnena ba ya yarda da wannan ƙara. Ba wajen fitar da iska yake yinta ba, wajen ja ne. Da mota ce da na ce wani abu ya toshe mata hanyar shan iska. Na faɗa wa Gwaggo, ta ce ni ko zakara ya yi cara sai na ce filoginsa ya mutu. Wataƙila ta fi ni gaskiya.

Ki kula da kanki, ki sa hular kwanon nan ko da zafi. Allah ya yi miki albarka.

Naki,
Babanki


Litinin, 10 ga wata

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina miki fatan lafiya da sauƙin aiki. Kafin ki karanta gaba ki kwantar da hankalinki: Janareta yana raye, yana nan a ƙarƙashin benci da tiyonsa, yanzun nan ya gama cin abinci. Na sa wannan a farko ne don na san ki.

Ranar Alhamis na karya doka ta biyu, ba da gangan ba. Na fita karɓo taya a ƙarshen layi da tsakar rana, ashe ya biyo ni. Tafiyar ba ta kai ta minti biyar ba. A hanyar dawowa na ji hakinsa ya canza, ya koma wani irin fito mai kaifi. Ina waiwayawa na ga ya tsaya ya ware ƙafafu, ya miƙa wuya, farin kumfa a baki, harshensa ya rine ya yi shuɗi-shuɗi. Sai ya faɗi rigijib a gefen hanya. Auta, na saki tayar nan ta gangara ban san inda ta nufa ba. Na sungume shi na yi gareji da gudun da gwiwata ba ta san tana da shi ba. Mai Walda ya kashe injinsa ya riƙa zuba masa ruwa a ciki da ƙafafu, ni ina riƙe da fanka. Da ya ɗan dawo, muka sa shi a mota sai asibitin dabbobi.

Likitar yarinya ce, ba za ta girme ki ba, har na so in tambaya ko babbar tana ciki. Allah ya rufa min asiri ban tambaya ba, don ta san aikinta. Ta sa masa iska, ta yi masa allura, ya kwana biyu a wurinsu. Ranar da na je ɗaukarsa ta zaunar da ni ta yi min bayani, ni kuma zan maido miki yadda na fahimta.

Ta ce irin waɗannan karnuka masu gajeren baki, ƙashin fuskarsu ne ya gajarce, amma naman ciki bai ragu ba, sai ya cunkushe. Ta ɗaga min hancinsa na duba. Ƙofofin da ya kamata su zama zagaye a buɗe, nasa 'yan tsage ne siriri kamar an ja layi da reza, kuma duk sanda ya ja numfashi sai su ƙara tsukewa. Ta ɗauko wani ɗan gilashi mai sanyi ta kara masa a hanci, tururin da ya fito a kai bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba. Sannan ta ce in matse hancina da yatsu in bar 'yar kafa, in rufe baki, in hau matakalar asibitin in sauko. Na yi dariya na tashi. A mataki na tara na zauna. Gwaggo da ta raka ni ta ce fuskata ta koma irin ta Janareta sak.

Na ba ta labarin tiyo don in ba ta dariya, amma ba ta yi ba. Ta ce dabara ce ya samo wa kansa. Idan barci ya ɗauke shi bakinsa ya rufe, hancin ba ya isarsa, sai ya farka a shaƙe. Shi ne yake cusa tiyo don bakin ya zauna a buɗe. Wata biyu ina kiran mutane su zo su ga tsoho da lofe, ashe bawan Allah neman iska yake. Kunya ta kama ni ƙwarai. Minsharin nan ma da muke so, da ni da ke da duk layi, ta ce ba jin daɗi ba ne, kokawa ce.

Shawararta tiyata. Za a yanke ɗan nama kaɗan daga gefen kowace ƙofar hanci a ɗinke, hanya ta buɗe. Idan yana barci za ta duba can cikin maƙogwaro, in akwai naman da ya yi tsawo yana rufe hanya ta rage shi. Ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce yankan ba shi ne abin tsoro ba, farkawa daga allurar barci ce, don irinsu maƙogwaro kan kumbura a lokacin, kuma akan rasa wasu, ko da yake kaɗan ne. Ta ce in an bar shi kuma, wannan jan iska da ƙarfi kullum yana gajiyar da maƙogwaro har wata rana ya saki, sannan gyara ya yi wuya. Shekararsa biyu, yanzu ne lokacin. Na gane maganarta sarai, don haka nake gaya wa masu mota kullum, su kuma su ce min sai wani watan.

Na tuna dokarki ta uku, na kuma san inda ta samo asali, ba sai mun tono ba. Na ji labarin wani likita ya taɓa yi miki wannan magana tun yana ɗan kwikwiyo, kika ɗauki abinki kika fice. Amma ni mahaifinki ina ba ki shawara ki yarda. Tsoro ba ya buɗe hanci. Ki yi tunani da kanki, ba da zuciya ba. An ba ni takardar da za a sa wa hannu, tana wurina, amsarki kawai nake jira.

Af, tayar nan an same ta a cikin shagon mai aski. Ba ta ji wa kowa ba.

Naki,
Babanki


Litinin, 24 ga wata

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, aiki na tafiya yadda ake so. Na samu takardarki, na ga kin yarda tun a layi na biyu, har kin ce a yi da wuri. Madalla. Ban zaci abin zai zo da sauƙi haka ba.

Kin tambaya a waya ko an sa rana, layi ya yanke kafin in amsa. To, an sa ranar Larabar da ta wuce, sai dai ba mu samu zuwa ba. Wata babbar mota aka kawo min da matsalar giya, mai ita yana sauri. Aka mayar ranar Asabar. Ita ma Asabar ɗin na ga kamar yana ɗan tari, na ce ba a kai mai tari tiyata.

Amma ba zama na yi ba, kada ki ce. Likita ta ce a rage masa ƙiba, na rage. Nama mai kitse an daina ƙememe, ina cin abincina a tsaye ina fuskantar bango don kada mu haɗa ido. Ta ce a cire masa abin wuya don yana shaƙe shi, a koma ɗamarar ƙirji. Na ɗinka masa ɗaya da tsohon bel ɗin kujerar mota, ta fi ta kanti ƙarfi. Na ciro fankar lagireto na haɗa ta da batir a ƙarƙashin benci, iska na kaɗa shi wuni guda, kunnuwansa na rawa. Mai Walda ya ce shi da yake ɗan Adam bai samu wannan gata ba. Fita kuwa sai da sanyin safiya, daga ƙofa zuwa bishiya mu dawo.

Ni a ganina ya samu sauƙi sosai. Ina tunanin ko mu ɗan ƙara dubawa zuwa bayan zafi, tunda ba gudu ake ba. Me kika gani?

Gwaggonki na tsaye a kaina tana karanta abin da nake rubutawa tana tsaki. Ta ce ita ma za ta ba direba tata takardar. Duk abin da ta rubuta ki rage rabi.

Naki,
Babanki


Litinin, 8 ga sabon wata

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa ta musamman, ina fata kina lafiya. Gwaggo ta riga ta sanar da ke a waya jiya cewa an yi an gama, ya farka, yana gida. Ni da na karɓi wayar sai na kauce wa zancen, shi ya sa kika ji ina ta tambayarki ruwan sama. Ga sauran a rubuce.

Gwaggonki ba ta ƙara komai ba, kada ki rage ko kwata. Babbar motar nan gyaranta na awa biyu ne, na mai da shi na kwana biyu. Tarin kuma ni kaɗai na ji shi. Gaskiyar ita ce, lokacin da na rubuto miki doguwar takardar nan ina miki wa'azi a kan tsoro, na tabbata za ki ƙi. Da kin ƙi, da na samu inda zan fake, in ce yarinya ce ta hana. Sai kika yarda, kika bar ni ni da takarda da biro. Sama da kwana ashirin tana cikin aljihun mota. Kullum in ciro ta in karanta, in zo wurin da aka ja layi a ƙasa, in mayar.

Shekara goma sha ɗaya ke nan rabona da sa hannu a irin wannan takarda. Wancan karon ma cewa aka yi ƙaramin aiki ne, awa ɗaya a fito, kuma akan rasa wasu amma kaɗan ne. Daga gareji na tafi, ban ko wanke hannu da kyau ba, babban yatsana ya bar baƙin mai a gefen takardar. Mamanki ta shiga tana min tsiya, ba ta farka ba. Ban taɓa faɗa miki ba, amma tun ranar nake ganin hannuna ne ya tura ta. Na ɗauka ke ma haka kike gani, kina dai rufa min asiri ne don ni ubanki ne.

Sai ga takardarki ta ranar Talata, amsar wadda Gwaggo ta aika miki. Auta, na manta kina bakin ƙofar ɗakin a ranar. Na manta ƙwarai cewa na tsaya ina jan ƙafa, Mamanki ce ta fizge biron daga hannun nas ta danƙa min, ta ce in sa hannu ta gaji da ciwon nan, tana so ta koma ta yi shekara talatin tana min faɗa. Shekara goma sha ɗaya ina tuna baƙin man, ban tuna wanda ya ba ni biron ba. Da kika rubuta cewa ba ki taɓa ɗora min laifi ba ko na minti ɗaya, asibitin kawai kike tsoro, na shiga bayan wata mota na buɗe bonet na sa kaina ciki na daɗe. Mai Walda ya zo wucewa, ya ga kafaɗuna, ya koma shagonsa ya tayar da inji da ƙarfi. Mutumin kirki ne.

Da na fito na tarar da Janareta a zaune yana gyangyaɗi. Tiyonsa ya gangara ƙarƙashin wata mota inda ba ya kaiwa. Barci na cinsa, kansa ya yi ƙasa, ya shaƙe, ya zabura, ya sake. Ya ƙi kwanciya don ya san abin da zai biyo baya. Na tsaya ina ƙirgawa har sau bakwai. Na kwanta a ƙasa na zaro masa tiyon, ya karɓa ya kwanta nan take. Ni kuma na wanke hannu sau uku da sabulu, na ciro takardar na sa hannu a kan bonet. Duk da wankin nan sai da yatsan ya bar ɗan tabo. Na bar shi.

Ranar Alhamis da safe muka kai shi, ba ci ba sha tun daren Laraba kamar yadda aka ce, yana ta harararmu a mota. Likita ta karɓe shi, na miƙa mata tiyon na ce ko zai nema. Ta karɓa da hannu biyu ta sa a aljihu, ba ta yi min dariya ba.

Ɗakin jira kujeru shida ne da fankar sama mai ƙara ƙiiƙ, ƙiiƙ a kowane juyi. Na yi minti goma a zaune na ji ba zan iya ba. Na fita mota na ɗauko sukudireba da mai, na roƙi mai karɓar baƙi ta kashe fankar, na hau kujera. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska, ta gaya wa wata mata mai kyanwa cewa ba tare muke ba. Na gyara fanka, na gyara marfin ƙofar banɗaki, na ɗaure ƙafar kujeru biyu. Ina shirin tambayar inda injin wutarsu yake, ƙofar ciki ta buɗe.

Na san wannan fitowa. Na san yadda likita ke sauke abin rufe baki a hankali yana neman inda zai sa ido. Sukudireba ta faɗi daga hannuna. Ita kuwa tun kafin ta sauke nata na ga idanunta na murmushi. Ta ce an buɗe hanci biyu, an rage naman maƙogwaro kaɗan, ya farka, har ya yi yunƙurin cizon robar da aka sa masa. Za su riƙe shi kwana ɗaya su sa ido saboda kumburi. Sai ta ɗaga kai ta tambayi wanda ya kashe musu kukan fanka.

Gwaggo ta yi ta hamdala, ta kuma sanar da matar mai kyanwa cewa yayanta ne ni, uwa ɗaya uba ɗaya.

Allah ya ji ƙan Mamanki. Ke kuma Allah ya saka miki, kin sauke min abin da ban san zai sauku ba.

Naki har kullum,
Babanki


Litinin, 22 ga wata

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri, da fatan gadar ta kusa haɗewa ki dawo mana. Mu nan kowa lafiya. Gwiwa ta ɗan yi fushi tun hawan kujerar nan, amma na ba ta haƙuri.

Mara lafiyarki ya warke, har ya fi ƙarfinmu. Kwana goma sha biyu ya yi da wani abin roba a wuya mai kama da mazurarin zuba mai, don kada ya sosa ɗinkin. Ya daki ƙafar benci da shi, ya daki ƙofa, ya daki ƙaurin Gwaggo har ba adadi. Abinci mai laushi kaɗan-kaɗan, magani a kan lokaci, Gwaggo ce mai rabawa, ita da ta ce ba ruwanta da kare. Na kama ta tana kiransa Yarima a kicin. Ta ce kunnena ne ya tsufa.

Ranar Laraba aka cire mazurarin. Ranar Alhamis kuwa na yi abin kunyar da duk layi ke ba da labarinsa, gara ki ji daga bakina. Bayan azahar ina ƙarƙashin wata mota ina ɗaure salansa, sai na ji gareji ya yi tsit. Kin san aikina. A wurina inji in ya yi shiru ya mutu ne, babu wata fassara. Na yar da sifana. Na fito da rarrafe na leƙa ƙarƙashin benci, ga shi a miƙe a gefe guda, baki a rufe, ko motsi. Na kira sunansa na gaskiya, na kira na tsokana, shiru. Na kasa taɓa shi. Sai na tuna gilashin Likita. Na fizgo madubin gefen motar mutane da na cire don fenti, na kara masa a hanci.

Auta, tururi biyu ne suka fito, manya-manya, kowanne ya kai faɗin babban yatsana. Suka dushe, suka dawo. Suka dushe, suka dawo. Na zauna dirshan a ƙasa cikin baƙin mai ina kallon madubin nan ban san iya lokacin ba. Ashe ihun da na yi ya tara mutane. Mai Walda da mai aski da mai motar duk suna tsaye a kaina. Shi kuma gogan ya buɗe ido ɗaya, ya ga tsoho riƙe da madubi, ya yi atishawa a kai ya juya ya ci gaba da barcinsa.

Yanzu ya gano yana da hanci, mun shiga uku. Komai sai ya shinshina: taya, takalman baƙi, jakar Gwaggo. Naman da nake ɓoyewa a akwatin sifana don in ci a asirce, ranar farko ya tono shi. Da safe muna zuwa bishiya mu wuce ta har kwana, shi ke gaba ni ke haki. Likita ta duba shi ta ce hanyar ta buɗe da kyau, amma ta ja min kunne. Ta ce ba sabon kare aka ba ni ba, gajeren baki yana nan, zafin rana har abada ba abokinsa ba ne, ƙiba kuma kada ta dawo. In ya kwanta rigingine yakan ɗan yi gurnani kaɗan, ta ce wannan ba komai. Gwaggo ta ce yanzu janareta ɗaya ya rage a gidan, mai kwana a ɗakin gaba, kuma shi ko Likita ba ta da maganinsa.

Tiyon nan Likita ta maido min shi ranar sallama. Na ajiye masa a kan kushin, ya shinshina ya ture shi da ƙafa. Jiya Gwaggo ta share shi ta zuba a kwandon shara a gabansa, ko kallo bai yi ba. Ni na je na tsince shi. Na rataye shi a ƙusa a saman benci, kusa da hoton Mamanki.

Ranar Lahadi idan kin hau tudun kin kira, zan kara masa wayar kamar yadda muka saba. Ba za ki ji komai ba. Kada ki kashe ki sake kira, kada ki yi ta ɗaga waya sama kina neman layi. Layin lafiyarsa ƙalau. Ki tsaya ki saurara har minti biyun su cika, barci yake yi.

Minti na ukun kuma na riga na gaya wa Gwaggo, wannan karon nawa ne.

Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Naki,
Babanki, Bakanike